Yaran da Na Koya wa Ƙwallo

A watan da ya shige na je filin ƙwallo na bayan loko, wurin gyaran injinan jirgin ƙasa, da safe, na tarar an tuge turakun raga na gefen gabas. Mai gadin makarantar da ke kusa ya ce masu sayen tsofaffin ƙarafa ne, wai sun zo da mota da takarda a hannu, shi kuwa ba ya tambayar mai takarda. Ramuka biyu kawai suka bari, ruwan sama ya cika su. Turakun nan da guntayen ƙarfen dogo aka yi su tun ban yi wayo ba, kuma a tsakaninsu na fara tsayawa a matsayin gola. Na daɗe ina kallon ramukan. Ban yi wani fushi ba, don abin da garin nan ya ɗauke mini ya wuce ƙarfe nesa ba kusa ba. Sai dai tun daga ranar tunanin dā ya kama ni, ya ƙi sakina.

A barikin reluwe na Kafanchan aka haife ni. Mu yaran bariki ba mu san agogo ba, jirgi ne agogonmu. Da kukan jirgin Gabas muke tashi, da jiniyar loko iyayenmu maza suke fita aiki, idan kuma jirgin Jos ya shigo tasha, kowace uwa ta san lokacin ɗora tukunya ya yi. Babana fayaman ne, shi ke zuba wa injin kwal. Yakan dawo gida baƙi ƙirin, idanunsa kawai ake gani, ya zauna a kan turmi yana tari kafin a kawo masa ruwa. Aikina ni da ƙannena shi ne mu bi gefen dogo da tsohon bokiti muna tsintar kwal ɗin da ya zuba, sannan mu yi layi wajen injin da ke hutawa, direba ya buɗe mana famfo mu tari ruwan zafi na wankan Baba. Mama 'yar Kagoma ce, duk shekara 'yan'uwanta sukan aiko mata da citta, mu tsaga ta mu shanya a tabarma, mu yi ta juya ta har hannu ya yi yaji, ka manta ka sosa ido ka yi kuka. Har yau idan na ji warin citta a rana, sai in ji kamar za a kira ni a aike ni. Yanzu ciyawa ta rufe dogon, awaki ke kwana a cikin loko, yaran unguwa kuwa da yawansu ba su taɓa jin kukan jirgi ba sai a waya.

Barikin nan cike yake da kowane irin yare. Ga Ibo, ga Yarabawa, ga Tibi, ga mu 'yan ƙasa, kowa da harshensa a cikin ɗaki, amma da zarar an fito tsakar bariki sai Hausa, irin tamu wadda ba ta damu da mace ko namiji ba. Babban abokina kuwa ba ɗan bariki ba ne. Sale sunansa, ɗan wani mahauci a tsohuwar kasuwa, kakanninsa sun riga jirgi zuwa garin. Shi ke sato mana mafitsarar sa daga mayanka, mu hura ta mu ɗaure, mu yi ta bugawa har ta fashe. Ranar Kirsimeti Mama takan aika a kira babansa ya yanka mana akuya, don su ma su iya ci, ranar Sallah kuma a gidansu nake yini. Ba na cewa a lokacin ba a faɗa ko ba a gori. Ana yi. Amma faɗan yakan ƙare a bakin famfo, washegari kuma a haɗu a jana'izar wani.

Wanda ya sa ni a raga wani Ibo ne mai gyaran injin, kowa na kiransa Oga Fita. Shi ke horar da ƙungiyar ma'aikatan reluwe bayan an tashi aiki, da usur ɗinsa a wuya da baƙin mai a farce. Ina da shekara goma sha shida lokacin da wata ƙungiya ta ma'aikatan kuza ta zo daga Jos a jirgi don ta buga da mu. Ana saura kwana ɗaya tururi ya ƙona hannun golanmu a wurin aiki. Oga Fita ya duba yaran da ke tsintar ƙwallo a bayan raga, ya nuna ni don na fi su tsawo, ya miƙo mini rigar da ta kai mini gwiwa. Garin duka ya zo kallo, har a kan taragu mutane suka hau. Kafin a tafi hutun rabin lokaci aka ba su fenariti. Mutumin da ya buga ƙato ne, ƙwallon kuma irin ta dā ce ta fata, ta sha ruwa ta yi nauyi. Na tare ta, amma ƙaramin yatsana ya juya baya. Na zo bakin fili ina hawaye ina cewa a canja ni. Oga Fita ya kama yatsan ya ja shi ba tare da ya gargaɗe ni ba, ya ɗaure shi da tsumman goge injin, sannan ya ce da Hausarsa mai karyewa:

"Kai yaro, ji ni. Kowa a fili yana iya juya baya. Gola ne kawai ba ta juya baya. Abin da yana zuwa, ka tsaya a gabansa."

Na koma na tsaya. Ba su ci mu ba, mu ma ba mu ci su ba, amma a kafaɗa aka kai ni bariki. Babana, wanda bai taɓa yaba mini a kan komai ba, ya ba ni kan kifin da ke cikin miyarsa. Yatsan har yau a karkace yake.

Daga nan abin ya tafi. Wata ƙungiya ta wani kamfani a birni ta ɗauke ni, na yi shekara goma sha huɗu ina cin abinci da hannuwan nan. Na shiga jirgin sama, na kwana a manyan otal, an kira sunana a rediyo har Baba yakan sayi batir sabo duk ranar wasa. Ba zan ɓata lokaci a kan wannan ba, don duk wanda ya tsufa yana da labarin yadda aka taɓa tafa masa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙarshen. Gwiwata ta hagu ta lalace a wani wasa da ba shi da wani muhimmanci, aka yi mini aiki bai yi ba. Bayan wata huɗu aka kira ni ofis, wani saurayi da ban taɓa gani ba ya ba ni wasiƙa da agogon bango mai tambarin kamfani, ya yi mini fatan alheri yana kallon ƙofa. Na dawo Kafanchan da sanda, na tarar Baba ya rasu da ciwon ƙirji, Oga Fita ya koma ƙasarsu tuntuni, jirgi kuma sai a yi mako ba a ga ko ɗaya ba. Na kama noman citta kamar kawunnena. Matata Rifkatu tana da keken ɗinki, da shi muka riƙe 'ya'yanmu, mata biyu da autanmu Ishaya.

Zama ya ishe ni, ga yara suna yawo a tasha ba aikin yi, sai na sayi usur na koma filin bayan loko. Da yara tara na fara. Kafin shekara ta zagayo sun haura hamsin, 'ya'yan bariki, 'ya'yan kasuwa, har da waɗanda ke takowa daga ƙauyuka a ƙafa. Ban taɓa karɓar komai a hannun iyayensu ba. Sale, wanda ya gaji babansa a mayanka, shi ke kawo mana ƙashi da kayan ciki ranar wasa, Rifkatu ta yi farfesu a babbar tukunya. Ita ke ɗinka jesi, ita ke wanke su, igiyar shanyarmu kullum cike da riguna masu lamba. Dokata guda ce, kafin a fara kowa ya sunkuyar da kai ya yi addu'arsa a zuci, ba a tambayar kowa wa yake kira. Na kai yara asibiti, na je ofishin 'yan sanda na yi beli, na roƙi shugabannin makaranta su mayar da waɗanda aka kora. Wasu sun kwana a ɗakin Ishaya wata da watanni lokacin da gidajensu suka gagare su. Suna kirana Koci, wasu kuma Baba, ni kuwa na ɗauka da gaske suke.

Ishaya ya fi ni hannu. Ba don ɗana ba ne nake faɗa. Yana da tsawo, ba ya tsoron ƙafa, kuma yana da abin da ni ban taɓa samu ba, wato sanyin rai. Duk abin da Oga Fita ya gaya mini na gaya masa, kalma bayan kalma, sau ɗari. Abokinsa na kusa shi ne Nura, ɗan Sale, mai buga gaba. Ganinsu tare yakan sa ni da Sale mu yi dariya, mu ce tarihi bai gaji da mu ba.

Ranar wata Asabar ce, muna tsakiyar atisaye, wajen ƙarfe goma na safe, muka ga hayaƙi ta wajen kasuwa. Sai ga mata suna gudu da kaya a ka, 'yan acaɓa suna wucewa ba sa ɗaukar kowa. Garin ya sha ganin rikici kafin wannan, kowa ya san alamunsa. Na tara yaran na raba su, waɗanda gidansu ke kusa na ce su ruga, 'yan kasuwa kuma wani direba Musulmi da ya zo wucewa ya kwashe su a motarsa. Nura ne kawai ya rage, ya je bayan loko kama ruwa motar ta tafi ta bar shi. Na ce ya zo gidanmu ya zauna har ƙura ta lafa, ya ce mahaifiyarsa ba ta da lafiya, idan ba ta gan shi ba za ta fito nemansa. Ishaya ya ce zai raka shi ta bayan makarantar firamare har bakin dogo, ai duk samarin wannan gefen sun san shi, ba wanda zai taɓa su. Na yi tunani kaɗan na ce su tafi, su yi sauri. Ni na faɗa da bakina. Ishaya yana da shekara goma sha tara. Kafin azahar aka zo aka ce in je in duba wata gawa a bakin kwalbati.

Unguwa duka ta cika gidanmu, kuma kowa ya riga ya san wanda ya yi. Su ne, in ji kowa, mutanen ƙetaren dogo. Na yarda, don ba ni da dalilin ƙin yarda. A kwana na huɗu, da rana tsaka, sai ga Sale ya ratso shingen sojoji a ƙafa, shi da Nura, a lokacin da ba Musulmin da ke kusantar layinmu. Na shigar da su ɗaki, Rifkatu ta biyo mu ta rufe ƙofa. Sale ya kasa yi mini ta'aziyya, sai cewa ya yi, "Gola, yaron nan yana da magana. Na ce ya bari, ya ƙi cin abinci."

Nura ya durƙusa ya faɗa mana. Ba su kai bakin dogo ba. A bayan firamare suka haɗu da samarin unguwarmu sun tare hanya da sanduna da adduna. Suka ce Ishaya ya matsa ya ba su Nura. Ishaya ya tura shi bayansa, ya buɗe hannuwa, yana kiransu da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, yana cewa ai Nura ne, ai tare muke wasa. Aka fara ture-ture, ya ce wa Nura ya gudu. Nura ya faɗa gonar rogo, da ya waiwaya ya ga Ishaya a ƙasa. Ya kira mana suna huɗu. Uku daga ciki yarana ne. Ɗaya ma, Bitrus, ya yi wata shida yana kwana a gidana yana cin tuwon Rifkatu.

Bayan kwana uku aka yi jana'iza. Majami'a ta cika har waje, 'yan zumuntar mata suka yi waƙa, masu jawabi suka yi ta magana a kan yadda ake tsananta mana da yadda jinin ɗana ba zai tafi a banza ba. Yaran ƙungiya suka sa jesinsu suka ɗauki akwatin. Bitrus ne a gaba ta hannun dama, yana kuka da hawaye na gaske. Da aka miƙo mini makirfo, na tashi na dubi jama'a, na gode wa kowa da ya zo, na zauna. Na sha gaya wa kaina cewa don Nura na yi shiru, kada a bi shi a kashe, kuma don 'ya'yana mata da za su ci gaba da zama a unguwar. Akwai gaskiya a ciki. Amma akwai tsoro ma, tsoron a ce tsohon ya haukace, ya sayar da mutanensa. Da muka koma gida Rifkatu ta cire ɗankwalinta ta ninke, ta ce da ni a hankali:

"Baban Ishaya, ka yi shekara da shekaru kana tsayawa a gaban dubban mutane ba ka ji tsoro ba. Yau ɗanka na kwance a akwati, waɗanda suka kashe shi na riƙe da shi, ka ce ka gode."

Ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta kuma sake taɓa jesi ba. Ta daina zuwa sujada a majami'armu, ta koma wata can nesa inda ba ta san kowa ba. Hawan jini ya kama ta, bayan shekara huɗu ta bi ɗanta. Sale kuwa ya sayar da rumfarsa ya kwashe iyalinsa zuwa Kagarko. Mukan gaisa a waya ranar Sallah da ranar Kirsimeti, mu tambayi gwiwa da ido, mu rasa abin cewa.

Na yi shekara biyu ban taka filin ba. Matan unguwa ne suka dame ni, suka ce yaransu sun koma shan maganin tari a tsofaffin taragu, in taimaka. Na koma, don ban iya wani abu ba, kuma gidan ya yi mini girma. Sai dai ba irin ta dā ba ce. Yaran kasuwa ba sa ƙetaro dogo. Na je da kaina na gaishe da iyayensu, suka karɓe ni da mutunci, suka ba ni ruwa, suka ce za su duba, ban kuma ga laifinsu ba. Yaran yanzu kuma ba wanda ke son raga, kowa so yake ya ci ƙwallo a ɗauke shi a waya a kai shi Turai. Duk lokacin da zaɓe ya matso, sai masu manyan riguna su zo da kofi da tanti su ce gasar zaman lafiya, a jera yara a ɗauki hoto, a kira ni a ce ga gwarzonmu, a ba ni hula mai hoton wani. Da sun tafi mu za mu tsince ledojin ruwan da suka zubar. A dā ba wanda ya taɓa kiran wasanmu da sunan zaman lafiya, ƙwallo kawai muke bugawa.

Daga cikin huɗun nan, ɗaya ya mutu a hatsarin mota, biyu sun bar gari. Bitrus ne ya zauna. Ya yi aure, yana da babura da yake ba yara haya, yana cikin kwamitin gini a majami'a. Shekara da shekaru idan ya hango ni sai ya canja hanya, ni ma ban taɓa tare shi ba. A farkon daminar bana, wata Asabar da safe, sai ga shi a bakin fili riƙe da hannun ɗansa mai shekara tara. Ya rusuna ya gaishe ni kamar ba komai, ya ce, "Koci, ga jikanka na kawo. Ya dame ni, wai shi gola yake so."

Na ce wa yaron ya je ya zagaya fili sau biyu. Da ya yi nisa, na ce wa uban, "Nura ya gaya mini komai tun kafin a binne Ishaya. Mamansa ma ta sani har ta mutu."

Ya tsaya kamar an dasa shi. Ya cire hularsa, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce ba shi ya sare shi ba, shi dai yana wurin ne, ranar ba wanda ke cikin hankalinsa, kuma tun daga lokacin bai taɓa yin barci mai daɗi ba. Na ce ban tambaye shi barcinsa ba. Na ce abu ɗaya nake so in sani, yadda aka yi ya iya ɗaukar akwatin. Yaron ya gama zagaye na farko ya wuce mu yana haki, yana kallona ko zan yaba masa.

Na ce, "Zan karɓe shi, shi bai yi mini komai ba. Amma ba za ka aiko shi da ɗan acaɓa ba. Kai za ka kawo shi da kanka duk Asabar, ka tsaya can inda zan riƙa ganinka har mu tashi."

Yana zuwa kuwa. Bai taɓa fashi ba, ko ana ruwa. Yakan tsaya a gindin mangwaron da ke gefen fili, hannu a baya, awa biyu cur, ba ya zama, ba ya taɓa waya. Ba ma gaisawa. Wani dattijon ikilisiya da ya lura da mu, wanda ina jin ya daɗe da sanin abin da ya faru kamar yadda da yawa suka sani, ya tare ni bayan sujada ya ce Ubangiji ya yi babban aiki a zuciyata, wannan ita ce gafara. Na bar shi da zatonsa. Ban gafarta ba, kuma a shekaruna ba na jin zan iya. So nake mutumin ya tsaya ya kalli ɗansa a raga, ya ga yadda yaro ke buɗe hannuwa, ya ji abin da ke cikin haka.

Yaron kuwa yana da hannu. Ba ya rufe ido idan an buga, yana jin magana, ran nan har ya kira ni Kaka ba wanda ya sa shi. Ina koya masa duk abin da na sani, ba na rage komai. Na so a ce bai iya ba, da na sami dalilin sallamarsa.